Kwamfutar hannun da ta ƙi karɓar manhaja

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa kwamfutar hannun nan da malamin makaranta ya kawo mana daga Marwa ta ƙi karɓar duk manhajar da ka ɗora mata, alhali fuskarta fuskar Windows ce sak, har kana tunanin ko sai an yi mata filashin, wato a goge babbar manhajarta a ɗora mata sabuwa. Ajiye filas ɗinka tukuna, domin ba ta da wata cuta, haka aka ƙera ta.

Ɗauke ta ka duba gefenta. Za ka ga siririya ce, kuma babu ramukan fitar iska ko ɗaya, domin babu fanka a cikinta. Wannan ita ce Surface RT ta kamfanin Microsoft, wadda ta fito a watan Oktoba na 2012 tare da babbar manhajar da ake kira Windows RT. Injin da ke sarrafa bayanai a cikinta, wato Tegra 3 na kamfanin Nvidia, ɗan gidan ARM ne, irin wanda ake sa wa wayoyi saboda ba ya shan wuta sosai kuma ba ya ɗaukar zafi da yawa. Su kuwa manhajojin da ke cikin filas ɗinka an rubuta su ne domin injinan Intel da AMD, kuma harshen da waɗannan suke ji dabam yake da na ARM, kamar ka yi wa mutumin da Fulatanci kaɗai yake ji bayani da Larabci. Bayan wannan, kamfanin ya kulle ta yadda ba ta karɓar manhaja sai daga shagonsa na intanet, ya kuma kulle hanyar tashinta idan an kunna ta, saboda haka Android ko wata Windows ba za su hau ta hanyar da ka saba ba.

Abin da ya kashe kasuwarta ke nan. Mutane sun saya suna zaton cikakkiyar Windows ce, suka tarar ba haka ba, har a 2013 Microsoft ya bayyana asarar kusan dala miliyan 900 a kan waɗanda suka yi kwantai. Ba a ba ta Windows 10 ba, kuma tun watan Janairun 2023 aka daina aiko mata da gyaran tsaro.

Ni kaina na taɓa kwana biyu a kan irinta a nan Garwa kafin in gane, na kuma mayar wa mai ita kuɗin aikin da na karɓa, ina jin nauyinsa ƙwarai.

Duk da haka ban yarda a ce ta zama shara ba. Tana ɗauke da Word da Excel da PowerPoint tun daga kamfani, tana da ramin USB, kuma rashin fankar nan alheri ne a garin da ƙurar hunturu ke toshe mana kwamfutoci. Malami zai iya buga jarrabawa da sakamakon ɗalibai a kanta ko da an ɗauke wuta, muddin batirin bai mutu ba. Sai dai burauzarta, Internet Explorer, ta tsufa, shafuka da yawa ba sa buɗewa, kuma kada ya kuskura ya shigar da bayanan asusun bankinsa a ciki.

Idan ya dawo da la'asar, ka zaunar da shi ka buɗe masa shafin bayanan na'urar ya ga inda aka rubuta Windows RT da idonsa, ka gwada batirin da cajar nan mai maganaɗisu a gabansa, sannan kada ka karɓi ko sefa ɗaya da sunan filashin.