Yadda ake karanta zanen ababen bautar Hindu, da abin da ya sauya a cikinsa

Malama, kin tambaya me ya sa hotunan bauta da muke gani a tsofaffin finafinan Indiya fuskokinsu a sake suke, amma na yanzu da ke yawo a wayoyi da gilasan motoci sai fuska a murtuke da damatsa a kumbure, kuma ko yawan hannuwa da shuɗin jiki na da ma'ana. Suna da ita, kuma wannan ɓangaren ne ma bai cika sauyawa ba.

Ki fara duba abin da ke hannu kafin fuska, don da shi ake gane wa aka zana. Vishnu hannu huɗu gare shi: katantanwa, faifan yaƙi, kulki da furen bado. Shiva na da mashi mai baki uku, ɗan ganga mai siffar kalangu, jinjirin wata a gashi, maciji a wuya da ido na uku a goshi. Krishna da Ram duk shuɗi ake musu, shi ya sa baƙo ke rikita su, amma Krishna sarewa yake riƙewa da gashin ɗawisu a ka, Ram kuwa baka da kibiya. Lakshmi tsabar zinari ke zuba daga tafinta, Saraswati farin sari take sawa da littafi da kayan kiɗa mai tsirkiya. Dabbar da ke gefe ma shaida ce: ɓera na Ganesha, bijimi na Shiva, zaki ko damisa na Durga. Tafin hannu a ɗage yana nufin kada a ji tsoro, wanda ke fuskantar ƙasa kuma kyauta yake nufi. Yawan hannuwa nuni ne ga yawan iko a wurinsu.

Sai idanu, kuma nan ne ginshiƙin aikin. Mai bauta a Hindu yana zuwa ne ya kalli abin bautarsa shi ma a kalle shi, abin da suke kira darshan. Don haka ake zana fuska tana fuskantar mai kallo sosai, idanu manya, kuma su ake ƙarasawa a ƙarshe.

Zanen Tanjore na jihar Tamil Nadu zai nuna miki yadda tsohon aiki yake. Ana manna yadi a kan allon katako, a shafe shi da kwaɓin alli da ƙaro, a goge har ya yi santsi. A fitar da zane, a jera duwatsun gilashi a kambi da sarƙoƙi, a ɗaga kewayensu da kwaɓi mai kauri, sannan a lulluɓe da ganyen zinari karat 22. Fenti na jiki da fuska shi ne na baya. Inda ake samun matsala: idan aka labta kwaɓin da kauri lokaci guda maimakon shafi bayan shafi, sai ya tsattsage yayin bushewa, idan ƙaro ya yi kaɗan, allin ya riƙa ɓarewa, danshi yana lanƙwasa allon, ganyen jabu kuwa yakan dushe ko ya yi baƙi da daɗewa, na gaske ba ya yi.

Babban sauyi na farko injin ɗab'i ne ya kawo shi. Raja Ravi Varma, ɗan yankin Kerala da ya rasu a 1906, ya zana ababen bauta da fentin mai irin na Turawa, da inuwa da jiki kamar na mutanen gaske, ya kuma buɗe maɗaba'a a Bombay (Mumbai ta yanzu) a 1894. Daga nan hoton Lakshmi da Saraswati ya shiga shago da ɗakin talaka, har da na waɗanda ake hana su shiga gidajen bauta saboda ƙasƙancin asali. Masu zanen Nathdwara a Rajasthan suka ƙara nasu salon mai taushi, Krishna yaro cikin ciyayi da hasken wata, sannan maɗaba'un garin Sivakasi na Tamil Nadu suka cika ƙasar da kalandu masu kala ƙyal-ƙyal. Waɗannan ne kike gani a bangon tsofaffin finafinai, hotunan cikin gida da ake sa wa furanni da turare.

A ƙarshen shekarun 1980 ne fuska ta fara tauri. An nuna labarin Ram a talabijin ɗin gwamnati a 1987 zuwa 1988, rikicin garin Ayodhya, kan filin wani masallaci da mabiya Hindu ke cewa a nan aka haifi Ram, na ƙara zafi, sai ga fastoci da Ram mai ƙirar mayaƙi, baka a ɗane, hadari a bayansa. A 2015 wani matashi ɗan Kerala, Karan Acharya, ya zana fuskar Hanuman, abin bauta mai siffar biri kuma hadimin Ram, da launin baƙi da ruwan lemo kawai, gira a haɗe. Shi ya ce ba fushi yake nufi ba, amma da "Hanuman mai fushi" hoton ya yi suna. Ki kwatanta da tsohon salo, inda Hanuman ke durƙushe gaban Ram ko yana buɗe ƙirjinsa a ga Ram da matarsa Sita a ciki. A sabon babu Ram, babu durƙuso, babu ko kulkinsa. A ganina wurin rataya hoton ne ya sauya shi: na ɗaki ana yin sa don mai bauta, na gilashin mota don mai wucewa ya san wane ne mai motar. Mabiya Hindu kansu sun rabu a kan wannan, wasu na ganin siyasa ce ta sa rigar addini.

Akwai kuma sauyin da ya bi ta kasuwa. Pichwai, ƙyallen da ake ratayawa bayan gunkin Shrinathji (wata siffar Krishna) a Nathdwara, asalinsa ana sauya shi bisa yanayi da bukukuwa, furen bado lokacin zafi, shanu a bikin shanu. Yanzu da yawa ana yin su don falo da otal, a zana shanu da bado kawai a cire abin bautar, don mai saye ya rataya ba tare da ɗaukar nauyin yi masa hidima ba.