Me ya sa dabarun da na koya a wasan Ancestors ke ɓacewa?

Malam, ka ce duk sanda ka tsallaka zuwa sabuwar zuri'a a wasan bidiyo na Ancestors: The Humankind Odyssey, dabarun birin da kake sarrafawa sai su ɓace. Matsalar jarirai ce. Kowane jariri a garken yana ba ka maki ɗaya na kulle dabara, wato adana ta don ta wuce zuwa sabuwar zuri'a, kuma tsallakawar shekara 15 ce. Dabarar da ba ka kulle ba, sai ka sake buɗe ta. Don haka kada ka yi gaggawa: ka tara jarirai tukuna, ka riƙa goya biyu duk inda za ka, domin goyon ne ke tara ƙarfin buɗe dabaru.

Kamfanin Panache na Montreal ne ya ƙirƙiri wasan, aka fitar da shi a 2019, labarinsa kuma ya fara ne a Afirka shekaru miliyan 10 da suka wuce. Cikin halittunsa akwai Sahelanthropus, wani tsohon jinsi mai kama da biri, wanda aka tono ƙoƙon kansa a hamadar Djurab ta Chadi a 2001, ake kiransa Tumai.

Sai dai ka lura, a wajen masana halittu, abin da uwa ta koya ba ya shiga jinin ɗanta. Gadon dabarun da aka kulle ƙa'idar wasa ce kawai.