Ƙanena ɗan sintiri ne, ɓarawon da suka kama ya mutu a hannunsu: amsar lauya

Tambaya: Salamu alaikum Barista, barka da ƙoƙari. Daga wani ƙauye nake rubuto maka ta wajen Sumaila. Ɓarayin shanu da na babur sun addabe mu tun bara, an sha kai ƙara caji ofis, wani ma an kama shi amma bayan sati sai gashi a kasuwa yana yawonsa, shine matasa suka haɗa sintiri har da ƙanena. Ran Talata da dare suka kama wani yana kwance shanun huɗa a gidan maƙwabcinmu, suka ɗaure shi a dandali, jama'a suka taru aka yi ta dukansa, kafin asuba rai yayi halinsa. Yanzu 'yan sanda sun kwashe mutum shida har da ƙanen nawa, shi kuma ya rantse min bai dake shi ba, ɗaure shi kawai yayi. Dagaci yace a haɗa kuɗi a biya diyya a kashe maganar. Me doka tace? Kuma tsakani da Allah Barista, da gwamnati tana kashe ɓarayi da masu garkuwa ai da ba a kai ga haka ba.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan wanda ya rasu, ku kuma Allah ya kawo muku mafita. Na san abin da ake nufi da a kwance wa manomi shanun huɗa ana gab da damina, abincin shekara guda kenan aka ɗauke masa, don haka ban raina fushin mutanen garinku ba ko kaɗan. Amma bazan ɓoye maka ba, maganar ƙanenka babba ce, gara ka ji ta yadda take tun yanzu.

Kamawar da suka yi ba laifi bace. Doka ta yarda kowane mutum, ba sai ɗan sanda ba, ya kama wanda ya gani yana sata, sharaɗin kawai shine a miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Haka kuma Pinal Kod, wato kundin dokar laifuka, ta baka haƙƙin kare kanka da dukiyarka, har ma idan ɗan fashi ya shigo maka da makami ko aka fasa maka gida da dare kana tsoron ranka, to ko ya mutu a wajen artabun doka tana iya wanke ka. Sai dai wannan haƙƙin yana da iyaka, yana ƙarewa ne a daidai lokacin da haɗarin ya ƙare. Mutumin da aka ɗaure hannu da ƙafa a tsakiyar dandali wa yake yi wa barazana? Daga nan duk sandar da ta sauka a kansa hukunci ce, hukunci kuma sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya bar shi ga kotu ita kaɗai in dai rai za a taɓa. Balle ma satar shanu ba laifin kisa bane, ko a Pinal Kod ko a shari'ar Musulunci.

Abin da aka saba tuhumar mutane da shi a irin wannan a Kano shine haɗin baki a sashe na 97 da kisan kai a sashe na 221 na Pinal Kod, shi kuma 221 hukuncinsa kisa ne, alƙali bashi da zaɓin rangwame idan laifin ya tabbata. To ina maganar "ni ban dake shi ba"? A nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Sashe na 79 yace idan jama'a suka aikata laifi da manufa ɗaya, kowannensu ana ɗaukarsa kamar shi kaɗai ya aikata, wato wanda ya riƙe igiya da wanda ya haska tocila da wanda ya ɗaga gora duk tuhuma ɗaya za ta iya hawa kansu. Amma fa sai masu gabatar da ƙara sun tabbatar da manufar ɗaya ce, kuma nan ne ƙofar ƙanenka take. Shin ya ɗaure shi ne don a kai shi caji ofis da safe? Ya hana dukan, ko ya ruga ya taso mai unguwa, ko ya buga wa ɗan sanda waya? Idan akwai wanda ya gani, ko akwai kiran a wayarsa, ko wani ya ɗauki bidiyo a daren, ku adana komai kada a goge, ku kai wa lauya. Ko da ba a wanke shi gaba ɗaya ba, kotu tana iya sauko da laifin zuwa kisan da ba na ganganci ba a sashe na 224, wanda ɗauri ne ba rataya ba.

Abin da ya fi gaggawa a yau shine bayanin da zai bayar a wajen 'yan sanda. Yawancin shari'un kisa a kan wannan takardar ake cin mutum, an rubuta ta da Turanci, yaro bai iya karatu ba, ya gaji ya tsorata sai ya dangwala yatsa, bayan shekara biyu a karanto masa a kotu cewa shi da bakinsa ya amsa. Ka gaya masa kada ya sa hannu a komai sai lauya yana wajen kuma an karanta masa da Hausa, haƙƙinsa ne. Idan an dake shi don ya amsa, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta wannan, ya faɗa wa lauya da alƙali tun ranar farko ba sai an yi nisa ba. In babu halin ɗaukar lauya akwai hukumar Legal Aid da ke da ofis a Kano, kyauta suke tsaya wa marasa ƙarfi a manyan laifuka.

Daga caji ofis ana mayar da irin wannan magana zuwa sashen binciken manyan laifuka a hedkwatar Bompai, sai a kai su gaban majistare, shi kuma bashi da hurumin shari'ar kisa, tura su gidan gyaran hali kawai zai yi, Kurmawa ko Goron Dutse, a jira shawarar ma'aikatar shari'a. Wannan jiran shine yake cinye mutane, wani sai ya shekara ba a ko buɗe fayil ɗinsa ba, don haka lauyanku ya riƙa bibiyar fayil ɗin, ya rubuta musu hujjojin da ke nuna rawar ƙanenka daban take da ta masu dukan, don a wannan matakin ana iya cire sunan wanda babu hujja a kansa. Beli kuwa babbar kotu ce kaɗai ke bayarwa a tuhumar kisa kuma da ƙyar. Duk wanda yazo yace ku sayar da gona ku bashi zai goge sunan yaro, dan Allah ku guje shi.

Maganar dagaci kuma, sulhu alheri ne, kuma a kotun shari'ar Musulunci magadan mamaci suna da zaɓin ƙisasi ko diyya ko yafiya. Sai dai idan an shigar da ƙarar a babbar kotu a kan sashe na 221, gwamnati ce mai ƙara ba dangin mamacin ba, ko sun karɓi diyya sun yafe shari'ar bata mutu ba, Antoni Janar na jiha ne kaɗai sashe na 211 na tsarin mulki ya ba ikon janye ta. Ku je ta'aziyya, ku nemi yafiya, amma takardar sulhun lauya ya rubuta ta don kada ta koma amsa laifi, sannan kada kowa ya matsa wa shaida ya canja magana, wannan wani sabon laifin ne.

Yanzu tambayarka ta ƙarshe, wadda na san ita ce a zuciyar kowa a garin. Hukuncin kisa yana nan a dokarmu ba a cire shi ba. Tun 1970 aka sa shi a kan fashi da makami, an harbe 'yan fashi a bainar jama'a a bakin teku a Legas, an harbe ƙasurguman 'yan fashi irin su Oyenusi a 1971 da Anini a 1987, fashi bai ƙare ba. Gaskiya ne gwamnoni suna ƙin sa hannu, sama da mutum 3,000 ke jiran zartarwa a gidajen yarin ƙasar nan, kuma na fahimci zafin da mutanen Kano suke ji tun da kotu ta yanke wa makasan Hanifa, yarinyar nan 'yar makaranta da aka sace, hukuncin kisa a 2022. Ni ba na cikin masu cewa a soke ƙisasi. Amma ka duba abin da kai da kanka ka rubuto min, an kama ɓarawo bayan sati yana yawo a kasuwa. Ɓarawo ba girman hukunci yake lissafawa ba, lissafinsa shine za a kama ni, kuma in an kama ni zan fito? Matuƙar ya san zai fito, ko me aka rubuta a littafin doka bai dame shi ba.

Kuma idan taron jama'a ya zama alƙali, ba mai laifi kaɗai yake ci ba. A watan Maris na 2025 mafarauta 16, akasarinsu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure, suna hanyar dawowa gida yin sallah aka tare su a Uromi ta jihar Edo, 'yan sintirin can suka ga bindigogin farauta suka ce masu garkuwa ne, aka kashe su aka ƙona. Waɗanda suka yi wannan su ma cewa suka yi sun gaji da masu laifi kuma hukuma bata komai, hujjar da mutanen garinku suke riƙe da ita kenan, wallahi duk lokacin da na tuna sai jikina yayi sanyi. A Aluu ta jihar Ribas ma an kashe ɗalibai huɗu a 2012 bisa zargin sata, a 2017 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa a kai. A Zamfara kuwa kowa ya ga yadda kisan da wasu 'yan sa kai suka riƙa yi a kasuwanni ba shari'a ya jawo ramuwar gayya a kan ƙauyuka.

Ba cewa nake ku watsar da sintiri ba. Ku kai sunayensu wajen DPO ta hannun dagaci da hakimi, a samu lambar da za a kira da dare, wanda aka kama a kulle shi a ɗaki dattawa su tsaya a ƙofa har 'yan sanda su zo. Sata laifi ce da ake bada beli a kanta, ganin mutum a kasuwa ba ya nufin an kashe ƙarar, sau da yawa mai shanun ne da shaidunsa basa zuwa kotu sai alƙali ya kore ta, don haka ku riƙa zuwa ko da karo-karon kuɗin mota za a yi. In kuma kun tabbata an sake shi ne ba tare da an kai shi kotu ba, ku rubuta koke ga kwamishinan 'yan sanda ku ajiye kwafi.

In kuma akwai waɗanda suka gudu daga garin saboda wannan magana, doka ta hana a kama uba ko mata a madadinsu, in an yi haka lauya zai iya garzayawa babbar kotu. Ranar da aka kai ƙanenka gaban majistare ka karɓi kwafin takardar tuhumar, ka turo min sassan da aka rubuta a ciki da sunan kotun, sai in gaya maka mataki na gaba.