Tambayoyi da Amsoshi: Jerin sunaye ya daina fitowa a Org-roam

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a jami'ar KNUST da ke Kumasi a Gana, ina zaune a unguwar Aboabo. Ina bincike a kan fataucin goro tsakanin Salaga da Kano, kuma duk abin da na tsinto ina ajiye shi a manhajar rubutu ta Emacs da Org-roam, ƙarin da ake sa mata don ajiye bayanai da haɗa su da juna. A da, da na buga [[ sai jerin sunayen bayanaina ya zubo in zaɓi wanda nake so. Tun da na sauya kwamfuta abin ya rikice: wani lokaci jerin ba ya fitowa sam, wani lokaci ya fito amma babu sababbin bayanan a ciki. Fayilolin kuwa suna nan, na gan su da idona.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba da sa'ar karatu. Na yarda ka ga fayilolin da idonka, sai dai jerin da kake jira ba fayilolin yake dubawa ba. Org-roam yana da rajistarsa daban, wani ƙaramin rumbun bayanai na SQLite mai suna org-roam.db, wanda ya saba zama a cikin jakar saitin Emacs. Daga nan yake ɗebo sunaye. Ka ɗauki mai shago a kasuwar Kejetia: kaya suna iya cika sito, amma idan yaron shago bai shigar da su littafi ba, maigida zai buɗe littafi ya rantse maka babu. Saboda haka kafin ka taɓa komai, littafin za mu fara dubawa.

Ka danna M-x, wato Alt tare da x, ka rubuta org-roam-node-find. Idan sababbin bayanan ba su bayyana a nan ba, to laifin ba na tagar da ke zubo sunaye ba ne, rajista ce ba ta san da su ba. Abu uku ne suka fi kawo haka. Na farko, org-roam-directory, saitin da ke gaya wa Org-roam jakar da fayilolinka suke, yana nuna tsohuwar hanya. Wanda ya tashi daga wata kwamfuta zuwa wata yakan kwafo saitinsa yadda yake, alhali sunan mai amfani ko wurin jakar ya canza. Ka danna C-h v, wato Ctrl tare da h sannan v, ka rubuta org-roam-directory, ka ga inda yake nunawa. Na biyu, ba a sabunta rajistar ba. Ka kira org-roam-db-sync, in kuma kana zargin ta gurɓace, ka fara danna C-u kafin M-x, sai ya rushe ta ya sake ginawa daga tushe. Kada ka ji tsoro, bayananka suna cikin fayilolin, rajistar inuwarsu ce kawai. Ni kaina na taɓa yin haka bayan wuta ta ɗauke, batirin kwamfutata kuma ya riga ya mutu, ta kashe kanta tana tsakiyar rubutu. Dumsor, wato yawan ɗauke wuta a Gana, ya koya wa da yawa daga cikinmu wannan umarni ba da son ranmu ba.

Na uku shi ne wanda ya fi kama mutane. Tun daga sigar Org-roam ta biyu, wadda ta fito a 2021, ba kowane fayil ne ake ƙirgawa ba, sai wanda yake da lambar ID. Fayil ko kan magana da ba shi da wannan lamba, ko yana zaune daram a cikin jakar, ba zai shiga jeri ba har abada. Ka buɗe ɗaya daga cikin waɗanda suka ɓace ka duba samansa. Idan ba ka ga layin da ya fara da :ID: ba, ka kai alamar rubutu can farkon fayil ɗin, ka kira org-id-get-create, ka adana. Idan kan magana ɗaya kawai kake so ya zama bayani mai zaman kansa, a kansa za ka tsaya ka kira umarnin.

To, idan node-find ya nuna komai lafiya amma [[ ya yi shiru, mun wuce rajista. Ka tabbatar org-roam-db-autosync-mode yana kunne tun lokacin da Emacs ya tashi. Mutane suna ɗauka aikinsa sabunta rajista ne kawai duk sanda aka adana fayil, amma ta hanyarsa ne ake ɗaura wa fayil ɗin da ka buɗe aikin cike sunaye. Idan ka kunna shi bayan ka riga ka buɗe fayil, ka rufe ka sake buɗewa. Sannan ka yi gwajin da nake fara yi wa duk wanda ya kawo mini kwamfuta: ka buga [[Sal]], ka mayar da alamar rubutu tsakanin Sal da ]], ka danna C-M-i, wato Ctrl da Alt da i tare. Idan Salaga ta fito, Org-roam ya fita daga zargi, saura taga, wato Company ko Corfu, duk wanda ka sa. A Company, ka duba company-backends ka ga ko company-capf, wanda ke karɓo sunayen daga Org-roam, yana ciki, kuma kada wani ya sha gabansa yana amsawa kafin a zo kansa.

Ga wani ɗan abin dariya. Company ba ya buɗe taga da kansa sai ka buga harafi 3, haka ya zo daga asali. Mu kuwa a Gana muna da garuruwa irin Wa da Ho. Mai bincike a kan hanyoyin fatake da wuya ya rasa bayani mai suna Wa, kuma zai buga sunan gaba ɗaya taga ba ta motsa ba. Ka rage company-minimum-prefix-length zuwa 2. Ban ba ka shawarar 1 ba, don taga za ta riƙa faɗo maka a kan kowace kalma har ka gaji.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni malamar makaranta ce a Asawase, da Hausa nake rubuta bayanaina. Ina da bayani mai suna "Yaƙin Salaga na 1892", amma in na buga "yakin" ba ya fitowa. Ƙanena ya ce kwamfutar ce ba ta jin Hausa.

Amsa: Barka kadai, Malama. Ƙanenki bai yi nisa da gaskiya ba, amma bai kai ba. A wurin kwamfuta, k da ƙ ba 'yan'uwa ba ne ko kaɗan, kowanne da lambarsa a tsarin Unicode. Haka d da ɗ, b da ɓ, y da ƴ. Wasu za su ce ki kunna tsarin da ke sa Emacs ya yi watsi da alamomin saman harafi, kamar yadda yake ɗaukar é a matsayin e. Wannan yana aiki ne don Unicode ya rubuta é a matsayin e da aka ɗora wa alama. Ƙ ɗinmu ba a rubuta shi haka ba, harafi ne guda da lanƙwasarsa, don haka sai an koya wa Emacs da hannu. Masu rubuta Twi ma suna fama da irin wannan a kan ɛ da ɔ.

Hanya mafi sauƙi ita ce laƙabi. Ki buɗe bayanin, ki kira org-roam-alias-add, ki rubuta "Yakin Salaga na 1892" babu lanƙwasa. Daga nan sunaye biyun duk za su fito a jeri, kuma wuri ɗaya za su kai ki. Abin da ba zan so ba shi ne ki cire lanƙwasar daga ainihin sunan don ki huta. Ranar da kika ajiye bayani a kan ƙasa da wani a kan kasa, ke da kanki za ki rasa gane su. In kuma allon rubutunki ba shi da harafin, ki danna C-x 8 sannan RET, wato Enter, ki rubuta 0199, ƙ zai fito. Na ɗ shi ne 0257, na ɓ kuma 0253.

Tambaya: Malam, ina rubutu a waya da manhajar Orgzly in ina cikin motar haya ta trotro, manhajar Syncthing kuma tana kai fayilolin kwamfuta. Abin da na rubuta a waya ba ya shiga jeri, kuma kwanan nan sabunta rajista yana kawo gargaɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, matsala biyu ce ka haɗa. Fayil ɗin da ya shigo ta ƙofar baya, ba Emacs ne ya adana shi ba, saboda haka rajista ba ta ji shigowarsa ba. Sai ka kira org-roam-db-sync in ka zauna, ka kuma duba ko yana da ID, don wanda aka ƙirƙira a waya sau da yawa ba shi da ita.

Gargaɗin kuma, ina kyautata zaton ka gyara fayil ɗaya a waya da kwamfuta kafin su gana. In haka ta faru, Syncthing yana ajiye kwafi na biyu mai ɗauke da sync-conflict a cikin sunansa, kuma shi ma da .org yake ƙarewa. Kwafin yana da ID iri ɗaya da na asali, rajista kuwa ba ta karɓar bayani biyu da lamba ɗaya. Ka nemo waɗannan fayiloli, ka kwashe abin da kake so daga ciki, ka goge su, ka sake gina rajista da C-u. Kada kuma ka saka org-roam.db a cikin jakar da ake rabawa tsakanin na'urori, domin cikakkiyar hanyar fayilolin kwamfuta ɗaya yake riƙewa. Kowace kwamfuta ta gina nata.

Tambaya: An ce in danna M-TAB don jeri ya fito, amma da na danna sai Windows ya kai ni wata taga daban.

Amsa: Windows ya riga ya kama Alt da Tab don sauya tagogi, saƙon ba ya ma isa wurin Emacs. Ka yi amfani da C-M-i, ko ka danna Esc ka saki sannan ka danna Tab. Aikinsu ɗaya.