Tambaya da Amsa: Na gaji da ɗora manhaja da hannu, ta ina zan fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mu uku ne muke aiki a kan wata manhajar intanet, kod ɗinmu yana GitHub, shafin da ake ajiye kod, amma duk sanda zamu saki sabon abu ni ne nake shiga saba, wato kwamfutar da manhajar take gudana a kanta, ina kwafe fayiloli ɗaya bayan ɗaya. Kwanan baya fayil ɗaya ya ɓace min, shafin shiga ya mutu bamu sani ba sai da masu amfani suka fara kira. Ana ta ce min in haɗa CI/CD, wato layin da yake gwada kod ya kuma ɗora shi a saba da kansa, don Allah ta ina ake farawa, kuma dole ne sai da manhajar Jenkins ake haɗa shi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya wannan abin da ya same ka ba sakaci bane, duk aikin da mutum yake maimaitawa da hannu wata rana sai ya tsallake mataki, kuma ba ƙananan ƙungiyoyi kaɗai yake cinyewa ba. A ranar 1 ga Agusta 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Amurka mai suna Knight Capital ya ɗora sabon kod a saba bakwai cikin takwas, ta takwas ɗin aka manta da ita tana ɗauke da tsohon kod, cikin minti 45 suka yi asarar kusan dala miliyan 440.

Toh amma shawarata kada ka fara da ɗorawa, ka fara da gwaji. Nan ne mutane da yawa suke karkacewa, ɗoki ya ɗebe su su haɗa layin da da zarar an tura kod ya wuce kai tsaye zuwa saba, alhali babu gwajin da yake duba shi, kaga sun samu hanyar kai ɓarna ga jama'a da sauri kenan. Layin nan baya da wayo nasa na kansa, abin da ka bashi ya duba shi kaɗai zai duba.

Tunda kuna GitHub ba sai ka wahalar da kanka da Jenkins ba. Jenkins tsohon hannu ne, tun 2011 ake amfani da shi kuma yana da ƙarfi sosai, sai dai kai zaka samar masa saba ka riƙa sabunta shi da kula da ƙarin kayan da aka jona masa, ku uku wannan kaya ne. GitHub Actions, kayan haɗa irin wannan layin da yake cikin GitHub, ya ishe ku, kyauta ne ga ma'ajiyar kod da take a buɗe, ta sirri kuma ana bada minti 2,000 duk wata a asusun kyauta. Ka buɗe folda mai suna .github/workflows ka saka fayil na YAML a ciki, wato wani tsarin rubuta saituna, abu uku zaka faɗa masa: yaushe zai tashi, wato duk sanda aka tura kod ko aka nemi haɗewa, a wace na'ura zai gudana, yawanci ubuntu-latest, sai matakan, ya jawo kod ɗin, ya girka abubuwan da manhajar take buƙata, ya gudanar da gwaji. In Node kuke amfani da shi npm ci ne sannan npm test, in Python ne pytest. Ka kula da tazarar layi a YAML wallahi, sarari ɗaya ya goce sai fayil ɗin ya ƙi tashi.

In baku da gwaji ko ɗaya kada ka ce sai kun rubuta ɗari, ku rubuta na wuraren da in suka mutu waya zata fara ƙara, shiga asusu, biyan kuɗi, ajiye bayanai. Daga nan ku kulle reshen main, wato babban reshen kod ɗinku, ba mai haɗe komai sai gwaji ya nuna kore, alamar ya wuce, har da kai da kake shugaban aikin.

Sai kun saba da wannan sannan ɗorawa. Ku gina manhajar sau ɗaya, misali a kwantenar Docker, wato ƙunshin manhajar da duk abin da take buƙata, mai ɗauke da lambar wannan canjin, ita za'a kai sabar gwaji a duba, ita ɗin dai za'a kai babbar saba, ba a sake gina wata ba. Da farko ka bar matakin ƙarshe ya zama sai mutum ya danna amincewa. Kalmar sirri da makullan saba kuwa kada su taɓa shiga cikin kod, akwai wurin ajiyarsu mai suna Secrets a saitin ma'ajiyar, kuma in ɗaya ya taɓa shiga Git, tsarin da yake adana tarihin canje-canjen kod, goge shi baya wadatarwa don yana nan a tarihi, canza shi ake yi gaba ɗaya. Sannan tun ranar lafiya ku gwada komawa tsohuwar kwantena ku ga yana aiki, musamman in canjin ya taɓa tsarin rumbun bayanai, don shi kod yana komawa baya cikin sauƙi amma ginshiƙin da aka share a tebur baya dawowa da kansa.

TAMBAYA: Malam ni namu layin yana aiki, amma akwai gwaji ɗaya da yau ya faɗi gobe ya wuce ba tare da an taɓa komai ba, mun saba sake dannawa kawai. Akwai matsala?

AMSA: Akwai kam 'yar'uwa, babba ma. In kuka saba da ganin ja, alamar gwaji ya faɗi, kuna sake dannawa, ranar da jan gaskiya ya zo haka zaku danna ku wuce. Yawanci irin wannan gwajin ko dai yana jiran wani abu na daƙiƙoƙi ƙayyadaddu, ko yana kiran wata saba ta waje, ko yana dogaro da agogo, ko kuma yana cin bayanan da wani gwajin ya bari. Ki ware shi gefe yau ɗin nan kada ya riƙa tsayar da layin, ki buɗe masa tikiti da sunan wanda zai gyara, sannan ki gudanar da shi shi kaɗai sau da yawa a jere, ki kuma juya jerin gwaje-gwajen, galibi a nan dalilin yake fitowa.