Kada ka cire suwicin wutar mai don ka ɗaura geji

Ka ce direban Golf ɗin nan mai lodin Gusau zuwa Sakkwato ya kawo gejin da ya saya, yana so ya riƙa ganin ƙarfin baƙin mai da idonsa, kana tambaya ko ka kwance suwicin wutar mai ka ɗaura kan gejin a raminsa tunda kamar haƙorin, wato zaren murɗawa irin na noti, zai shiga. A'a ɗana, kada ka kwance shi. Aikin nan ƙarami ne a ido, amma ana buga inji da shi.

Fara sanin abin da jar wutar nan mai hoton buta take yi. Suwicinta ba ya auna komai, buɗewa da rufewa kawai ya iya, kuma a yawancin motoci sai ƙarfin mai ya faɗi zuwa wajen 0.3 bar, wato psi 4 ko 5 (bar da psi ma'aunan ƙarfin matsi ne), sannan take kamawa. Injin da ke gudu a kan titi yana neman psi 30 zuwa sama. Ka ga ke nan a irin waɗannan motoci mai zai iya saukowa daga 45 zuwa 12, metal, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu, yana ta cinyewa, wuta ba ta ce uffan ba. Wannan giɓin ne geji yake cikewa, don haka direban ya yi tunani mai kyau. Sai dai mutumin da ya ɗauko fasinja da dare, idonsa na kan ramuka da manyan motoci, ba zai zura wa allura ido ba. Jar wuta ce ke fizgo hankalinsa. Dukansu biyun ake so, kowanne da aikinsa.

Golf 2 da Golf 3 masu fetur ma suwici biyu gare su. Ɗaya yana jikin kan inji, na wajen 0.3 bar, ɗayan yana gidan filta, na 1.8 bar, wanda motar ke dubawa in juyin inji ya haura 2,000 a minti, har da ƙarar gargaɗi a dashbod. Ka cire ɗaya, ko dai motar ta dame shi da kuka a banza, ko ta makance ranar da ake bukatarta.

Duba abin da ke cikin kwalin. In akwai siririn tiyo na roba ko na tagulla, geji ne mai jan mai kai tsaye, man inji da zafinsa zai bi tiyon har gaban direba. Irin wannan ba ya ƙarya, shi ya sa nake ajiye ɗaya a gareji don gwaji. Amma ban cika son barinsa a motar haya ba. Zafin bazarar nan tamu yana busar da robar, ta goga da ƙarfe ko ta taɓa salansa, kuma inji mai lita huɗu na mai bai ɗaukar dogon lokaci kafin ya amayar da shi ta wannan ɗan ramin. In kuma ka ga wani ɗan gwangwani mai wurin ɗaura waya, na lantarki ne, waya kawai ke shiga cikin mota. Shi na fi so. Ka tabbata gwangwanin da gejin tare suka zo, don in ka haɗa na wani kamfani da na wani, allura za ta motsa amma lissafinta shirme ne.

Yanzu maganar haƙori, inda yara suka fi ɓarna. Motocin Japan, su Toyota da Honda da Nissan, raminsu 1/8 BSPT ne, haƙori 28 a inci ɗaya. Yawancin gejin kasuwa 1/8 NPT suke zuwa da shi, ma'aunin Amurka, haƙori 27. Golf kuwa M10x1 ne. A ido duk kusan ɗaya suke, kuma abin da ke ruɗin mutum shi ne kowanne zai shiga zagaye ɗaya ko biyu kafin ya cije. Da ya cije sai yaro ya ɗauko sifana ya ce ai sabo ne shi ya sa yake tauri. Wurin nan alminiyam ne, ko haƙorin ya gundule ko gidan ya tsage, kuma tsagar ba ta nuna kanta sai inji ya yi zafi. Ka ɗaura da yatsunka tukuna. In bai tafi sumul ba, ka kai tsohon suwicin da sabon gwangwanin wajen masu tona, wato masu yankan ƙarfe da inji, su yanka maka mahaɗi, gefe ɗaya haƙorin mota, ɗayan haƙorin geji. Ko da ya dace, ɗaurin tsaka-tsaki ake yi masa, ba irin na notin taya ba.

Tunda rami ɗaya ne abu biyu, kana bukatar mahaɗi mai baki uku. Amma kada ka rataya gwangwanin kai tsaye a jikinsa a bar shi yana lilo. Yana da nauyi, inji kuma rawa yake yi ba dare ba rana, ga hanyoyinmu yadda suke. Tagullar tana gajiya ta karye daidai gindin haƙori. Ka sa ɗan gajeren tiyo mai jure matsi da zafi, ka kai gwangwanin jikin bodi ka ɗaure shi da kilif. In ka yi haka ka tuna ya rabu da ƙarfen inji, sai ka ja masa wayar at, wato wadda ake ɗaurawa a jikin ƙarfen mota, ta kansa. Akwai kuma wani faifai da ake sawa tsakanin filta da inji, mai ramuka a gefe, in ka same shi daidai da filtar motar ya rage maka wahala. A Golf na fi son ɗaukowa daga gidan filta, domin kan inji ƙarshen hanyar mai ne, lissafin can yakan yi ƙasa. In Honda ce ta zo maka wata rana, kada ka ɗauki suwicin VTEC, na tsarin bawul ɗin injinta, a matsayin na wutar mai, aikinsu daban.

Farin tef na masu gyaran famfo, a yi hankali da shi. Gwangwani mai waya ɗaya ta haƙorinsa yake samun at, in ka naɗe shi da tef ruf, allura za ta yi ta hauka. Ka bar haƙora biyu na farko tsirara, don guntun tef in ya faɗa hanyar mai zai iya toshe ƙaramin rami. Gam na silikon kuwa kada ya matso wurin.

Waya ba ta da wuya. Cire kan batir. Wutar geji ta fito daga layin da sai an murɗa makulli yake kawowa, ta bi ta fiyus. At a jikin ƙarfe mai tsabta, wayar gwangwani ita kaɗai, fitilar gejin kuma a haɗa da ƙananan fitilu. Inda waya za ta ratsa bangon inji ka sa mata roba, ka nisanta ta da salansa da bel.

Sai ka tayar, ido a kan mahaɗin, tsumma a hannu. Da sanyin safiya, musamman a hunturu da mai irin 20W-50, allura za ta iya kai psi 70 ko 80. Wannan ba shi ne lafiyar inji ba, mai ne bai saki jiki ba. Lissafin da za ka yarda da shi sai inji ya gasu, kamar motar da ta shigo daga Talata Mafara da rana tsaka a watan Afrilu. Abin da makanikai ke riƙewa shi ne wajen psi 10 ga kowane juyi 1,000. Littafin Volkswagen yana neman aƙalla bar 2 a juyi 2,000 idan zafin mai ya kai digiri 80. Bar ɗaya psi 14.5 ne, kg/cm² kuma kusan daidai yake da bar, don haka duba abin da aka rubuta a fuskar gejin kafin ka tsorata direba.

Ka koya masa karatun allurar, in ba haka ba ado ka sa masa. In tana faɗuwa lokacin birki ko a kwana sannan ta dawo, mai ne ya yi ƙasa, a ja sandar gwajin mai a duba. In tana yin ƙasa sosai a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, bayan inji ya yi zafi, ta ɗaga da an ba da wuta, galibi metal ne ya buɗe ko man ya tsinke, wataƙila fetur na zuba cikinsa. In kuma tana sauka a daidai lokacin da ake ƙara wuta, ka zargi rariyar famfon mai, datti ko guntayen gam sun toshe ta, sai an sauke kwanon ƙasa. Wadda ta maƙale can sama ko da zafi, bawul ɗin rage matsi ne ya cije, yana iya kumbura filta. In allura ta yi ƙasa, direban zai ce a zuba masa mai mai kauri don ta tashi. Za ta tashi ɗin, amma metal ɗin da ya cinye yana nan yadda yake.

Ranar da ka gama, ka rubuta masa abin da gejin ya nuna da zafi, a silo da kuma a juyi 2,000, ya ajiye don kwatance nan gaba. Ka ce ya biyo ta gareji bayan lodinsa na farko, ka shafa mahaɗin da farin tsumma ka ga ko yana tsattsafo.