Hira ce kawai, sai na nemi izinin kwamiti?

Ɗan'uwa, ka ce bincikenka hira ce kawai da ɗalibai kan fargabar jarrabawa, babu allura babu magani, shin sai kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a ya amince? Ƙwarai kuwa, kuma tun kafin ka zauna da mutum na farko. Yawancin kwamitoci ba sa ba da izini bayan an gama tattara bayanai, mujallu ma kan mayar da irin wannan aikin.

Cutarwa ba a jiki kaɗai take ba. A ce wata ɗaliba ta buɗe maka cikinta har da hawaye, muryarta tana cikin wayarka, wayar ta faɗa hannun wani. Ko kuma kai ne mai duba takardunta, tana jin nauyin ce maka a'a. Wannan na biyun ya fi damuna, don mai bincike bai cika lura da shi ba. Kwamiti zai tambaye ka inda za ka adana muryoyin, wa zai saurare su, yadda za ka sakaya sunaye, da wurin da za ka tura wanda hirar ta tayar wa hankali.

Ba haka kawai aka kafa ƙa'idar ba. A Tuskegee ta Amurka, daga 1932 zuwa 1972, masu bincike sun bar ɗaruruwan baƙaƙen fata da ciwon tunjere ba magani, har bayan an samu fenisilin mai warkar da shi. Gyaran da aka yi wa Sanarwar Helsinki (ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya a kan mutane) a 1975 shi ya kawo sharaɗin kwamiti mai zaman kansa.

Ka rubuta takardar neman amincewar ɗaliban da harshe mai sauƙi, ka bayyana cewa kowa na iya janyewa duk lokacin da ya so, sannan ka miƙa wa kwamiti da wuri, don sau da yawa sukan dawo da ita a gyara.